Leon Bridges: magajin Sam Cooke ne, ko rigar aro ya sa?

Mai Jita: Jama'a barkanmu da warhaka. Ina so mu ɗan tattauna kan Leon Bridges, don na lura duk inda aka ambaci sunansa sai mutane su rabu gida biyu. Ga wanda bai san shi ba: mawaƙi ne ɗan Amurka, ainihin sunansa Todd Michael Bridges, an haife shi ranar 13 ga Yuli, 1989 a Atlanta, amma a Fort Worth ta jihar Teksas ya girma. Har cikin shekarar 2014 wankin kwanuka yake yi a wani gidan abinci, in dare ya yi ya saɓi jitarsa ya bi wuraren da ake miƙa wa kowa makirfo ya gwada muryarsa. A watan Disamba na wannan shekarar ya sa hannu da kamfanin faifai na Columbia. A watan Yuni na 2015 kundinsa na farko mai suna Coming Home ya fito, a makon farko ya hau na 6 a jadawalin Billboard 200 na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. Ƙasa da shekara guda ke nan tsakanin ruwan sabulu da wannan matsayi. Ni dai ina ganin ya cancanta, amma ina so in ji ta bakinku: baiwa ce ta kai shi, ko kasuwa ce ta hango abin sayarwa? Sannan da aka riƙa kiransa mawaƙin bishara da na soul a lokaci guda, sunan ya dace da shi kuwa? Kuma masu cewa shi ne magajin Sam Cooke, shahararren mawaƙin soul na da, sun yi gaskiya?

Gaskiya Ɗaya: Bari in fara, tunda na san ba zan samu magoya baya da yawa ba. Shiga ce ta sayar da yaron nan. Wando har cibiya, riga a soke, takalmi sau ciki yana ƙyalli, hotuna duk baƙi da fari kamar an tono su daga akwatin kakansa. Shi kansa labarin yadda aka gano shi ai da wando ya fara. Austin Jenkins, makaɗin jita na ƙungiyar White Denim a lokacin, tsohon wandon da ke jikinsa ya gani ya yi masa magana. Kamfanonin faifai ba abin da suke so irin labari mai daɗin ba da wa: ga matalauci mai wankin kwanuka, ga muryar 1960, ga kaya irin na da. Da a ce ya zo da wandon yayi da hular samari, da muryar nan tasa ɗaya, wa zai waiwaye shi?

'Yar Auta: Haba Yaya, ka yanke labarin a tsakiya. Wando ya jawo gaisuwa, na yarda. Amma ai ba a wurin aka ce masa zo mu ɗauki faifai ba. Sai da Jenkins ya gan shi daga baya yana waƙa shi kaɗai da jita, sannan ya je ya same shi ya ce lallai a ɗauki waƙoƙin nan. Masu sa tsofaffin kaya a Teksas ai ba su ƙirguwa. Nawa ne cikinsu suka rubuta waƙar da za ka ji sau ɗaya ta kwana a kanka?

Injiniyan Sauti: Ni ta ɓangaren aikina zan shigo, don akwai abin da wanda bai taɓa zama a situdiyo ba zai wuce shi bai gani ba. Jenkins da Joshua Block, makaɗin gangar White Denim a lokacin, ba situdiyon zamani suka kai shi ba. Wani babban ɗakin ajiya suka samu a Fort Worth, suka jera tsofaffin na'urori, aka ɗauki waƙoƙin kai tsaye a kan tef, makaɗa da mawaƙi da 'yan amshi duk suna yi tare. Wurin ne daga baya ya zama situdiyon da ake kira Niles City Sound.

Ku san bambancin. Yadda aka fi yi yanzu, mawaƙi zai shiga ɗan ɗaki shi kaɗai, ya rera layi ɗaya sau goma, in zauna a gaban kwamfuta in tsinto kalma daga nan, numfashi daga can, in ɗinke su, inda murya ta kauce in sa manhaja ta miƙe ta. Mai sauraro ba zai taɓa sani ba. Amma in kowa yana ɗaki ɗaya, ƙarar ganga tana shiga makirfon mawaƙi, muryar mawaƙi tana shiga makirfon jita. Ba ka da halin cire abu ɗaya ka gyara ba tare da ka taɓa sauran ba. Mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a baiti na uku, kowa ya koma farko. Wanda ba shi da murya ba ya tsira a irin wannan ɗauka, ko da kayan sarki ya sa. Ku sa abin ji a kunne ku saurari kundin da dare. Za ku ji faɗin ɗakin kansa, ku ji inda ya ja numfashi kafin ya shiga baiti, ku ji 'yan amshi ba su faɗo daidai da juna ɗari bisa ɗari ba. Wannan ɗan rashin daidaiton shi ne ran abin. Don haka Yaya Gaskiya, ka soki kayansa in ka so, amma muryar ba ta jabu ba ce.

Gaskiya Ɗaya: Injiniya, ban ce ba shi da murya ba. Cewa na yi muryar ba ita kaɗai ta kai shi ba. Kuma su tsofaffin na'urorin ma ai wani wandon ne, na kunne.

Dattijon Faifai: Yara, ku bar ni in sa baki, don faifan Sam Cooke sun girme wa da yawanku a ɗakina. Kwatancen da ake yi yana da gaskiya ta fuskar laushin murya da yadda yake jan ƙarshen kalma a hankali. Amma hanyar da suka biyo ba ɗaya ba ce, ko kusa.

An haifi Cooke a 1931 a Clarksdale ta Mississippi, ɗan fasto ne, a Shikago ya tashi, tun yana yaro yake waƙa da 'yan'uwansa a coci. A 1950 ya shiga ƙungiyar waƙar bishara ta Soul Stirrers, ya gaji R. H. Harris, mutumin da a lokacin ake ganin ba mai iya taka sawunsa. Shekara shida yana yawo da su gari gari, coci coci, a zamanin da baƙar fata ba ya samun ɗakin kwana a yawancin otal-otal na kudancin Amurka. Kowane dare sai ya tsaya gaban jama'ar da suka san waƙa, waɗanda in ba ka taɓa musu zuciya ba za su zauna su zuba maka ido. A nan aka gasa muryarsa. Shi ya sa ko a waƙoƙinsa na soyayya masu sanyi, in ka kasa kunne, akwai wuta a ƙarƙashi, yana danne ta ne kawai. Ku nemi faifan da aka ɗauka kai tsaye lokacin da ya yi wasa a wani kulob a Miami a 1963, ku ji yadda muryar ke tsagewa.

Leon yana da sanyin. Wutar ce ban ji sosai ba a kundin farko. Ba laifinsa ba ne, bai bi ta makerar da Cooke ya bi ba. Ina son yaron, ina sauraronsa, amma kalmar magaji tana da nauyi.

Uwar Kwaya: Baba ya taɓo inda nake jira. Na daɗe ina koyar da mawaƙan coci, kuma abin da nake fara gaya wa duk wanda ya shigo shi ne, waƙar bishara ba salon murya ba ce. Wa kake yi wa waƙar, kuma me kake faɗa? Kundin nan waƙoƙi 10 ne. Ku ƙirga nawa ne suke magana da Ubangiji, nawa ne suke magana da budurwa. Mafi yawa na budurwa ne. To don mutum ya sa 'yan amshi da tafi da ogan, bai zama mawaƙin bishara ba. A kira shi mawaƙin soul wanda ya tashi a gidan masu bi, wannan gaskiya ne kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan jarida ke liƙa sunan bishara don ya ƙara wa kaya daraja, alhali akwai dubban mawaƙa da suka ba da ransu ga wannan hidima ba wanda ya san sunansu.

Malamin Tarihi: Mama, ina girmama matsayinki, amma iyakar da kike son a ja ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba tun farkon abin. Mutumin da ake kira uban waƙar bishara ta baƙaƙen Amurka, Thomas A. Dorsey, makaɗin piyano ne na blues, ya yi aiki da mawaƙiyar blues Ma Rainey, ya yi waƙoƙin da ba za a rera su a gaban yara ba. Da ya juyo ya kawo wannan kiɗan cikin coci a Shikago, fastoci da yawa sun ƙi shi, suna cewa kiɗan mashaya ne. A 1932 matarsa ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma ya bi ta, daga cikin wannan baƙin ciki ya rubuta waƙar da har yau ake rerawa a jana'iza. Yanzu wa zai ce Dorsey ba na coci ba ne?

Sister Rosetta Tharpe ta ɗauki waƙoƙin coci da jitarta ta kai su gidajen rawa na New York tun 1938, aka yi ta zaginta. Ray Charles a 1954 ya ɗauki karin wata waƙar yabon Yesu ya sauya kalmomin suka koma na mace, aka ce ya yi saɓo, kuma daga irin wannan ne abin da muke kira soul ya fito. Shi kansa Cooke da zai saki waƙar duniya ta farko, ɓoye sunansa ya yi ya ce Dale Cook, don tsoron mutanen coci, amma murya ta tona shi. Al Green kuwa ta ɗaya hanyar ya bi: yana tsakiyar tashe ya zama fasto a Memphis a 1976.

Dalilin wannan cuɗanya a fili yake. Tsakanin wajen 1910 zuwa 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka bar kudu suka nufi biranen arewa da yamma. Duk inda suka sauka coci ce makarantar waƙa, ita ce wurin da yaro talaka zai taɓa piyano kyauta, ya tsaya gaban jama'a kowane mako. Wanda ya kaɗa a gidan rawa daren Asabar sau da yawa shi ne a kan ogan safiyar Lahadi. Kogi ɗaya ne mai bakin gaɓa biyu.

Uwar Kwaya: Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka tsallake mawaƙiyar bishara Mahalia Jackson. Daga New Orleans ta fito, ita ma ta ji blues tun tana yarinya, an yi mata tayin kuɗi masu yawa ta yi waƙar duniya ta ce a'a, har ta rasu a 1972 ba ta sauya ba. Ita ce ta yi waƙa a gaban taron Washington na 1963 kafin Martin Luther King ya yi jawabinsa. Ke nan iyakar tana nan, tunda akwai wadda ta gan ta ta ƙi ƙetarawa. Ban ce wanda ya ƙetare ya zama ɗan wuta ba. Cewa nake a kira kowa da sunan aikinsa.

Mai Jita: Wannan muhawarar ta Mama da Malam ta yi mini daɗi ƙwarai. Bari in ƙara wani abu game da tasowarsa da zai iya ba kowannenku makami. Leon bai tashi yana jin Sam Cooke ba. Mawaƙan zamani Usher da Ginuwine ne gwanayensa, kuma rawa ya fara so kafin waƙa, har ya karanci rawa a kwalejin Tarrant County. A can ne ya fara waƙa da abokai tsakanin darasi da darasi, ya koyi jita, ba da wuri ba. Mahaifiyarsa 'yar New Orleans ce mai riƙon addini, kuma waƙoƙin da ya fara rubutawa na bangaskiya ne. Sai ya rubuta wata waƙa kan rayuwar mahaifiyar tasa, tun daga haihuwarta har zuwa tubarta. Wani da ya ji ya tambaye shi ko Sam Cooke yake koyi da shi. A lokacin bai san waƙoƙin Cooke sosai ba. Tambayar ce ta sa ya je ya nemo su a intanet, ya zauna ya sha su.

Gaskiya Ɗaya: To ka gani! Ka ba ni hujja da hannunka. A intanet ya koyo. Darasi ne ya haddace, ba gado ba.

'Yar Auta: A'a Yaya, sake karanta abin da Mai Jita ya rubuta. Waƙar ta riga binciken. An ji kamar Cooke a bakinsa tun bai san Cooke ba. Wannan ai shi ne gado, abin da ya shige ka ta wurin uwa da coci da abin da ake kunnawa a gida ba ka ma san ya shiga ba.

Malamin Tarihi: Auta ta yi magana. Kuma kar mu raina koyo daga faifai. Ray Charles ya fara ne da kwaikwayon Nat King Cole da Charles Brown, har ana kasa bambance su, kafin ya samo tasa muryar. Sannan Fort Worth ba kango ba ce a harkar nan. Garin King Curtis ne, mai busa saksofon da ya jagoranci makaɗan Aretha Franklin. Garin Ornette Coleman ne. Garin Kirk Franklin ne, wanda a shekarun 1990 ya haɗa waƙar bishara da kiɗan hip-hop, dattawan coci suka yi masa irin faɗan da aka yi wa Dorsey. Yaron da ya tashi a wannan gari bai buƙatar biza kafin ya taɓa wannan kiɗa.

Dattijon Faifai: Tunda an ambaci Aretha, ga abin lura. Ita ma Columbia ce ta ɗauke ta a 1960, 'yar fasto C. L. Franklin na Detroit, tana da shekara 18. Shekara shida suna sa ta waƙoƙin da ba su fito da ita ba. Sai da ta koma Atlantic, a 1967 aka zaunar da ita kan piyano aka bar ta ta yi irin yadda take yi a cocin ubanta, sannan duniya ta san ta. A 1972 ta koma cikin coci a Los Angeles tare da James Cleveland ta ɗauki kundin bishara, ya sayu fiye da miliyan 2. Abin da ya ba ni sha'awa da Leon shi ne, ya zo wa Columbia da kayansa a ɗaure. An riga an ɗauki waƙoƙin a Fort Worth da mutanen da suka fahimce shi. Kamfanin bai samu damar sake masa fasali ba. Wannan sa'a ce babba, wadda Aretha ba ta samu ba a farko.

Injiniyan Sauti: Baba ya kawo mu kan yadda abin ya faru a aikace, kuma duk matashin da ke zauren nan mai son waƙa ya buɗe kunne. A watan Oktoba na 2014 wani shafin waƙa na Teksas mai suna Gorilla vs. Bear ya saka waƙoƙinsa biyu. Cikin 'yan makonni kamfanoni wajen 40 suka nuna sha'awa. Ku lura da tsarin: waƙa ta fara fita, jama'a suka nuna suna so, sannan kamfanoni suka biyo. Wanda kamfanoni 40 ke nema ba ya shiga ofis da hula a hannu. A watan Maris na 2015 ya je bikin waƙa na South by Southwest a birnin Austin ya karɓi kyautar Grulke ta mawaƙi mai tasowa. Kafin shekarar ta ƙare ya fito a shirin talabijin na Saturday Night Live. A farkon 2016 kundin ya shiga takarar Grammy, shi kuma ya yi waƙa a Fadar White House gaban Obama a daren karrama Ray Charles.

Amma saurin nan yana ruɗar mutane. Ana ganin watanni goma sha biyun, ba a ganin shekarun da ya yi yana waƙa gaban mutum biyar da ke hirarsu ba su ma kallonsa. Wanda ya wuni hannunsa cikin ruwan zafi da sabulu ya san yadda fatar yatsa ke yin laushi. Ka ɗora wannan yatsan kan wayar jita ta ƙarfe da dare, ka ji yadda take yanka. Ranar da Jenkins ya ce a zo a ɗauka, waƙoƙin suna nan a rubuce, an goge su a gaban jama'a. Da bai da su, da haɗuwar ta ƙare a hirar wando.

Gaskiya Ɗaya: Na ji. To ga tambayar da kowa ke kauce mata: su wa suka saya? Ku dubi bidiyon wasanninsa na 2015 da 2016, ku dubi fuskokin da ke gaban dandamali. Yawanci farar fata ne. Shi da kansa ya yi maganar a hirarraki, kuma ya nuna abin yana damunsa. Me ya sa? Saboda kiɗan 1960 ba tare da zafin 1960 ba abu ne mai daɗin sha ga wanda ba ya son a tuna masa da abin da ya faru. A shekarun da kundin ya fito ana zanga-zanga a Ferguson da Baltimore kan kisan baƙaƙen fata, shi kuwa yana waƙar soyayya cikin kwat. Cooke da ake kwatanta shi da shi, kafin a kashe shi a Disamba 1964 yana ɗan shekara 33, ya rubuta waƙar da ta zama taken gwagwarmayar 'yanci.

Malamin Tarihi: Wannan suka ce mai nauyi kuma an yi masa ita a can ma. Sai dai a yi adalci ta fuska biyu. Cooke ya yi shekara bakwai yana waƙoƙin soyayya da na rawa kafin ya rubuta waccan, kuma shi ma an zarge shi da neman kasuwar farar fata. Ba a kundin farko ya yi ta ba. Na biyu, bidiyon waƙar Leon mai suna River a Baltimore aka ɗauke shi, bayan tarzomar 2015, kuma abin da ke cikinsa rayuwar iyalan baƙaƙen fata ne na unguwannin da abin ya shafa. A watan Yuni na 2020 kuma, bayan kisan George Floyd, ya saki waƙa tare da Terrace Martin da aka rubuta da bakin baƙar fatan da ke gab da mutuwa. Za ka iya cewa ya makara. Ba za ka ce bai yi ba.

Uwar Kwaya: Tunda an kawo River, bari in faɗi abin da ke raina, don kar a ɗauka gaba nake da yaron. Wannan waƙar ta bishara ce, ba ni da ja. Ita ce ta rufe kundin. Ba ganga, ba ogan, jita ce kawai da ɗan abin kaɗawa na hannu da muryoyi. Mutum ne da ya san ya yi nisa, yana jin kunyar hannuwansa, yana roƙon a kai shi ruwa a wanke shi. Na taɓa kunna wa 'yan kwayata ita a wurin gwaji, ban ce musu komai ba. Akwai wata yarinya mai babbar murya, wadda kullum faɗanmu da ita ɗaya ne, ta ɗauka in ba ta ƙure murya ba Ruhu bai sauko ba. Da waƙar ta ƙare sai ta ce, "Mama, ai bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya." Na ce to kin ji. Don haka Baba, a nan na ɗan saɓa da kai. Ba kowace wuta ce ke tsage murya ba. Mai tuba ba ya ihu. Da zai ba mu kundi guda cur na irin wannan, da ni zan fara kiransa da sunan da nake hana shi yanzu.

Dattijon Faifai: Mama, a kan wannan waƙar ɗaya na sallama miki. Sauran tara ina nan kan bakana.

'Yar Auta: Amma me ya sa duk muka tsaya a 2015 kamar mutumin ya daina waƙa? A 2018 ya fitar da Good Thing, ya tafi Los Angeles ya yi aiki da Ricky Reed, ya ajiye yawancin salon da, ya shigo da jazz da R&B na zamani da kiɗan rawa. Ya hau na 3 a Billboard, sama da na farkon. A 2019 ya ci Grammy ɗinsa ta farko, suka raba ta da PJ Morton, wanda ɗan bishop ne daga New Orleans. Daga nan ya yi ƙananan kundaye biyu da ƙungiyar Khruangbin ta Houston a 2020 da 2022, ga Gold-Diggers Sound a 2021, ga wanda ya sa wa sunansa, Leon, a 2024, wanda kusan duk kan Fort Worth da yarintarsa yake. Yaya Gaskiya, da rigar ce kawai, ai ranar da ya tuɓe ta da shi ke nan.

Gaskiya Ɗaya: Ko kuma ya gane rigar ta fara matse shi. Ni wannan sauyin ne ma ya sa na fara ganin girmansa, don ya nuna shi ma bai yarda a daskarar da shi a 1963 ba. Amma ki lura, hakan yana nufin ni da shi mun yarda da juna, ku ne kuke kare abin da shi ya bari.

Dattijon Faifai: Ni kuwa sauyin bai yi mini daɗi ba, in faɗi gaskiya. Masu irin kiɗan kundi na biyu suna da yawa. Masu iya tsayawa da makirfo ɗaya a ɗaki ɗaya su yi abin da ya yi a na farko ba su da yawa. Na so ya ƙara zurfi a wannan hanyar maimakon ya faɗaɗa. Amma na san ɗan shekara 28 da ya tashi da Usher ba zai yarda ya rayu a zamanin da bai gani ba don ya faranta wa tsoho irina.

Mai Jita: Baba, ranka ya daɗe, ka saurari na 2024 kuwa? Ina jin a can ne ya daina tambayar wa zai yi kama da shi. Akwai kiɗan karkarar Teksas a ciki, akwai soul, akwai ambaton Allah jefi-jefi ba tare da an yi shelarsa ba.

Dattijon Faifai: Ban kai gare shi ba tukuna, ɗana. Zan nema a makon nan.

Injiniyan Sauti: In za ka saurara Baba, ka haɗa da na farkon da suka yi da Khruangbin, waƙoƙi 4 ne kacal, kuma an bar wa muryar fili sosai. Sannan akwai gefen Cooke da ba mu taɓo ba, wanda a ganina ya fi kwatancen murya amfani ga mai tasowa: ya kafa kamfanin faifansa, SAR, da kamfanin da ke riƙe haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta, a zamanin da mawaƙa baƙaƙe ke sayar da waƙa a kan kuɗin cefane. Zan buɗe wani zaren daban kan wannan, don bayanin wa ke mallakar faifai da wa ke mallakar rubutun waƙa yana da tsawo.

Uwar Kwaya: Ka buɗe, Injiniya, ina da yara biyu a kwaya da wani ya fara yi musu maganar kwantiragi, zan turo su su karanta. Auta, ki ajiye mini sunayen waƙoƙin bangaskiya da ke cikin kundayensa na baya, in akwai, ina so in ji su da kunnena kafin in ƙara cewa komai.